Anti, in yi aikin leza a idona kafin biki ko in haƙura da gilashin?

Saƙon da aka turo:

Assalamu alaikum Anti, dan Allah a ɓoye sunana. Shekarata 24, a nan Kano nake, tun ina aji biyu a ƙaramar sakandare nake saka gilashi saboda ba na ganin nesa, yanzu lambata ta kai mainas 5 a dama, hagu mainas 4 da rabi, kuma an ce akwai astigimatizim. Bara na canza gilashi, bana ma na sake canzawa don ya daina yi min. Idona yana yawan ƙaiƙayi tun ina yarinya, in ya matsa min sai in sayi maganin ɗigawa a kemis. An sa bikina watan Disamba kuma wallahi ba na so in shiga gidan miji da gilashin nan, ƙannensa har sun fara ce min mai ido huɗu. Wata 'yar ajinmu an yi mata aikin leza a Masar ta yar da nata, wanda zan aura ma ya ce zai biya min. Amma gwaggona ta ce wuta ce ake kunna wa ido, daga baya makancewa ake yi. Da zafi? Yana dawowa? Ya halatta ma kuwa? Zan iya yi kafin bikin?

Amsa:

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sanya alheri ya kai mu lokacin da rai da lafiya. Bari in fara ba ki amsar da kika fi matsuwa da ita don kar ki yi ta karatu zuciyarki na dukan uku uku: kafin Disamba dai a'a, kar ki yi. Kuma ba don maganar gwaggo ba, ita tsoro ne ya sa ta faɗi abin da ta faɗa, aikin nan gaskiya ne yana yi, mutane miliyoyi sun yi sun ajiye gilashi. Abin da ya sa na ce a'a yana cikin saƙonki, ke da kanki kika rubuto shi ba ki lura ba. Zan zo wajen, amma sai kin fara gane mene ne ma ake yi wa idon.

A gaban baƙin idonki akwai wani tantani garau mai ɗan tudu, ba a ganinsa sosai sai in kin kalli idon mutum ta gefe, likitoci suna ce masa koniya. Kaurinta ya ɗan haura rabin milimita kaɗan, wajen maikron 540 a yawancin mutane (maikron 1,000 ne milimita ɗaya), kuma ita ce take yin mafi yawan aikin lanƙwasa haske ya tafi ya sauka daidai a bangon bayan ido. Ku masu mainas ƙwayar idonku ta ɗan fi tsawo, ko kuma tudun koniyar ya yi yawa, sai hoton ya haɗu tun bai isa bayan idon ba, shi ya sa kike ganin allo a aji kamar an shafa masa man shanu ta nesa amma wayarki tar kike ganinta. Gilashi yana gyara hasken ne tun daga waje. Ita kuwa leza kankare koniyar take yi ta rage mata tudu, sai gyaran ya koma jikin idon. Ba wuta ba ce irin wadda gwaggo take nufi, haske ne da yake ɗauke ɗan mitsitsin abu a kowane bugu ba tare da ya ƙona na kusa da shi ba. Mai mainas 5 ana iya kankare masa wajen maikron 60 zuwa 75. To kin ga lissafin tela ne da yadi, sai an auna an ga yadin zai isa kafin a sa almakashi, don abin da aka yanke ba ya komawa. Duk maganar aikin nan a nan take.

Kala uku aka fi yi. Akwai LASIK, shi ne ya fi suna, ana ɗaga wani siririn murfi daga saman koniyar a kankare ƙarƙashinsa a mayar da murfin ya kwanta da kansa ba ɗinki, washegari yawanci mutum yana gani sosai. Wani likitan ƙasar Girka mai suna Pallikaris na cikin waɗanda suka fara shi wajen 1990, hukumar FDA ta Amurka, wato irin NAFDAC ɗinsu, ta amince da shi a ƙarshen shekarun 1990, kin ga ba sabon abu ba ne da za a ce da ke za a gwada. Akwai PRK wanda ya girme shi, shi ba a ɗaga murfi, goge saman ake yi a kankare, ya fi dacewa da wanda koniyarsa ba ta da kauri ko sojoji da 'yan dambe da ake iya buge musu ido, amma fa shi akwai raɗaɗi na kwana uku zuwa huɗu kuma ganin ba ya washewa sai a hankali cikin makonni. Sai SMILE, ƙaraminsu, da ake zaro ɗan abin ta wata 'yar ƙaramar kafa. Ba ke za ki zaɓa ba don sunan ya yi miki daɗi, awon idonki ne zai zaɓa.

Maganar zafi kuma, na san abin da kowa yake hangowa shi ne allura a ido. Babu allura, ba a kuma sa ki barci. Za ki kwanta rigingine a ɗiga miki maganin kashe zafi, cikin ɗan lokaci idon ya mutu murus, a sa wani ɗan ƙarfe ya riƙe fatar idon don kar ki ƙifta, a ce ki zuba wa wani ɗigon haske ido. Lokacin ɗaga murfin za ki ji an danne idon, ganin ya dushe ko ya ɗauke gaba ɗaya na 'yan daƙiƙu, a nan ne mutane suke fara salati da ƙarfi in ba a gaya musu tun farko ba, to na gaya miki, dawowa yake yi. Sai ki ji na'urar tana ƙas ƙas ƙas, ki ji wani ɗan ƙauri kamar na gashi. Ita lezar kanta ba ta cika kai minti ɗaya a kowane ido ba, kuma na'urar tana bin motsin idon, in kika kauce da yawa tsayawa take yi. Gaba ɗaya shiga da fita bai wuce minti 20 zuwa 30 ba. In maganin ya saki ne za ki ji kamar an watsa miki yashi, hawaye ya yi ta zuba na wasu awanni, ki je gida ki rufe ido ki kwanta kawai.

Makanta ɗungurum saboda aikin nan abu ne mai matuƙar wuya. A shekarar 2009 an tattara binciken ƙasashe da dama aka ga kusan kashi 95 cikin 100 na waɗanda aka yi wa LASIK sun gamsu. Amma ni ba na son masu tallan da suke tsayawa a nan, don ragowar kashi 5 ɗin ma mutane ne masu iyaye. Babban abin da ake fama da shi bushewar ido ne, saboda aikin yana taɓa ƙananan jijiyoyin da suke sanar da ido ya kawo hawaye. A wani bincike da ita FDA ɗin ta shiga ciki, wajen kashi 28 cikin 100 na waɗanda ba su da bushewar ido kafin aikin sun same ta bayan wata uku. Yawanci tana lafawa cikin wata shida, wasu kuwa tana zame musu abokiyar zama. Sai ganin fitila da dare ta yi gammo ko ta tarwatse, wanda yake tuƙi a titin Zariya da dare manyan motoci suna dallo masa fitila ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wasu gyaran bai cika ba ko ya zarce sai an sake taɓawa, kuma ƙwayar cuta tana iya shiga, duk da ba kasafai ba. Yanzu ki ɗora wannan bushewar a kan Disambar Kano, iskar hunturu da take fasa leɓe da dunduniya, hazo, ƙura a cikin adaidaita sahu, ga hayaƙin turaren wuta da za a yi ta banka miki na gyaran jiki. Idon da ba a taɓa ba ma ya yake ƙarewa?

To mu dawo kan saƙonki. Kin ce bara kin canza gilashi, bana ma kin canza. Sharaɗin farko na aikin nan, bayan mutum ya kai shekara 18, shi ne lambarsa ta tsaya cak aƙalla shekara ɗaya. Taki tafiya take yi. In aka kankare daidai da lambar yau, baɗi idon ya ƙara gaba, kin koma gidan jiya, ga kuɗi sun tafi ga koniya ta ragu.

Na biyun shi ya fi tsaya min a rai, ƙaiƙayin nan. Yaran da suka taso a nan arewa da yawa suna fama da borin ido, za ki ga farin idon yaro ya yi launin ƙasa-ƙasa kullum hannu yana kan ido yana murza. Wannan murzar ta shekara da shekaru tana da alaƙa da wata lalura da ake kira keratokonus, koniya ce take sirancewa ta riƙa tsinowa gaba. Alamarta ta farko kuwa ita ce matashi ya ga lambarsa tana ta hawa, astigimatizim, wato tudun koniyar bai tafi daidai ta kowane gefe ba, yana ƙaruwa, gilashi ba ya daɗewa ya daina yi. Ban ce kina da ita ba fa, kar ki je ki hana kanki barci, ba a gane ta ta saƙon waya. Na ce dai abubuwa uku da kika lissafa su ne suke sa likita ya gyara zama. Wanda yake da ita in aka yi masa LASIK, an rage kaurin abin da dama can ba shi da ƙwari, sai koniyar ta ƙara bullowa ganin ya lalace yadda gilashi ma ba zai gyara ba, wani har sai an kai ga dashen koniya. Irin waɗannan ne labarinsu yake isa kunnen su gwaggo. Ana gano ta ne da wani hoto na musamman da yake zana taswirar koniya ya auna kaurinta lungu lungu, ba da karanta harufan jikin bango ba. In an gano ta da wuri akwai aikin da ake yi na ƙarfafa koniyar, a jiƙa ta da sinadarin bitamin B2 a haska mata wani haske, yana tsayar da abin kar ya ci gaba. Ki kuma sani mu baƙaƙen fata a matsakaici koniyarmu ta ɗan fi ta Turawa siranta, don haka awon nan a wajenmu ba na jeka-na-yi-ka ba ne.

Sai maganin kemis. Dan Allah yau ɗin nan ki ɗauko kwalbar ki duba jikinta. In kin ga dexamethasone ko betamethasone ko prednisolone, sitiroyid ne, shi ya sa yake kashe ƙaiƙayin nan take har ki riƙa sa wa mai kemis albarka. Yawan ɗiga shi ba da sanin likita ba yana tayar da hawan jinin ido, wato gilakoma, wadda take cinye gani a ɓoye kuma abin da ta ci ba ya dawowa, yana kuma kawo yanar ido tun mutum yana matashi. Wallahi wannan ya fi ba ni tsoro a kanki fiye da lezar. Ki tafi da kwalbar asibiti ki nuna, ki faɗi tsawon lokacin da kika yi kina sawa, kar ki rage, su za su gaya miki yadda za ki rabu da shi su ba ki na borin ido wanda ba ya cutarwa.

Akwai kuma abin da ba ki kawo ba ni zan kawo miki, tunda aure za ki yi. Ba a yi wa mai ciki ko mai shayarwa aikin nan, saboda canjin da jiki yake yi a lokacin yana taɓa lambar ido da hawaye, ga magungunan da ake ɗigawa bayan aiki. In Allah ya kawo rabo da wuri sai ki jira har ki yaye, idon ya zauna, sannan a sake awo. Ba gudu aikin yake yi ba, mai shekara 28 ko 30 ma daidai take da shi, har ta fi ki don lambarta ta riga ta tsaya. Sannan ki duba hidimar bikin kanta. Bayan aiki ba a son kwalli ko jagira ko wata kwalliya ta kusanci ido na sati ɗaya zuwa biyu, ba a son ruwa ya shiga, ba murzawa ko kaɗan don murfin nan yana iya gocewa, da dare da wata 'yar garkuwa ake kwana a kan idon. Ke kuma ga kamu ga dina ga mai kwalliya da za ta manna miki gashin ido da gam, ga kukan ranar kai amarya da za ki yi ta goge ido da gefen mayafi. Ina za a haɗa?

Kin tambaya ko yana dawowa. Abin da aka kankare ya tafi kenan har abada, amma ido nama ne, yana ci gaba da rayuwarsa. Wasu, musamman masu babbar lamba, bayan shekaru ɗan mainas yana dawowa kaɗan. Wanda kuma ba makawa shi ne na shekara 40 zuwa sama, lokacin da za ki fara miƙa hannu nesa kafin ki karanta saƙo ko ki kasa zura zare a allura, wannan tsufan wani ɓangare ne na cikin ido daban, leza ba ta hana shi, gilashin karatu sai kin saka kamar kowa. Haka nan ba ta maganin yana, ba ta maganin gilakoma, kuma tsawon ƙwayar idonki yana nan yadda yake, don haka haɗarin yagewar bangon bayan ido da masu babban mainas suke da shi bai tafi ba don sun yar da gilashi. Duk ranar da kika ga walƙiya a gefen ido, ko baƙaƙen abubuwa sun ƙaru suna yawo, ko kamar an saki labule ta gefe ɗaya, asibiti a ranar, da aiki ko ba aiki. Ki gaya wa ƙawar taki ma ta adana takardun awonta na kafin aiki, don na'urar auna hawan jinin ido tana nuna ƙasa da gaskiya a idon da aka yi wa leza, kuma ranar da za a cire mata yana a tsufa likita zai so ganinsu.

Halacci kam ba wani dogon zance, magani ne ba ado ba, nakasu ake gyarawa kamar yadda ake cire yana, kuma hadisi ya tabbata cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Alwala ma ba ta hana ba, cikin ido ba ya cikin abin da aka wajabta wankewa, ki rufe idon ki bi fuskar a hankali ba watsa ruwa ba. In zuciyarki ba ta kwanta ba ki tambayi malaminki na Islamiyya.

Kuɗi kuwa ango ya shirya, aiki ne mai tsada ko'ina a duniya, a Amurka ana maganar dala 2,000 zuwa sama a kowane ido, kuma inshorar lafiya yawanci ba ta biya don suna ganin zaɓi ne ba dole ba. Ana yi a manyan asibitocin ido masu zaman kansu a Legas da Abuja, wasu suna fita Masar ko Indiya ko Dubai. Abin da nake jiye wa masu fita waje shi ne a yi musu aiki yau, jibi su hau jirgi, alhali ana so a duba idon washegari, a duba bayan sati, bayan wata, bayan wata uku. In za a je waje a fara samun likitan ido a nan Kano da ya yarda zai ci gaba da dubawa. Kuma ki guji dillalan da suke tallan rangwame a Instagram da TikTok, araha ba ta ado, balle a ido. Duk inda kika je aka ce kin dace tun ba a ɗauki taswirar koniya ba, ba a auna kauri da hawaye ba, ba a ɗiga miki maganin buɗe ido an leƙa bayansa ba, ɗauki jakarki ki fito. Ki tambayi likitan kaurin koniyarki nawa, nawa zai rage bayan aiki, in gyaran bai cika ba wa zai biya na biyu. Likitan kirki ba ya jin haushin tambaya, kuma yana mayar da mutane gida ya ce ba su dace ba. Wanda lambarsa ta yi yawa ko koniyarsa ta yi siriri akwai wani ɗan gilashi da ake dasawa a cikin idon ba tare da an kankare komai ba, shi ma zaɓi ne da za ki iya tambaya a kai.

Ranar biki kuma ba dole sai da gilashi ba. Akwai kontak lens, wato ɗan siririn faifai mai laushi da ake ɗorawa a kan ƙwayar ido ya yi aikin gilashi, na yini ɗaya, a saka da safe a cire a yar da dare, amma likita ko ma'aikacin awon ido ne zai duba ki ya ga borin idon ya lafa ya koya miki sakawa tun da saura wata guda, ba masu kalar nan da masu kwalliya suke zarowa daga jaka su manna wa amare ba, waɗannan sun sha jawo gyambon ido. Ba a kwana da shi, ba a wanke shi da ruwan famfo ko fiya wata. In kin fara sakawa ki tuna sai kin ajiye shi wajen sati biyu kafin duk wani awon leza, don yana canza siffar koniya. In kuma idon bai karɓa ba, ki sa ango ya kashe kaɗan daga kuɗin a yanka miki gilashi marar kauri mai hana ƙyalli a sa a firam mai kyau, a hoto ma idonki za a gani ba hasken kyamara ba. Su kuma ƙannen miji, tsokana aikinsu ne, in kin yar da gilashin ma gobe za su ce tuwonki ya yi ruwa, shi da zai aure ki ai da gilashin ya gan ki ya ce yana so.

Cikin satin nan ki je sashen ido na asibitin Malam Aminu Kano, ko asibitin ido na ECWA a Sabon Gari, ko asibitin Makka, ki nemi ganin likitan ido. Ki tafi da tsofaffin gilasanki ko takardun awonsu da kwalbar maganin nan, ki ce kina so a auna hawan jinin idonki a kuma duba ko akwai keratokonus, in sai an tura ki wani wuri don hoton koniyar ki je ko da Kaduna ne, can ma akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa. Ki tafi da wani don in an ɗiga maganin buɗe ido ganinki zai yi dishi-dishi na wasu awanni. Daga yau kuma hannu ya bar ido, in ya yi ƙaiƙayi ki jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan sanyi ki ɗora a kai idon yana rufe. In sakamako ya fito ki turo min mu ga mataki na gaba. A gaida gwaggo, Allah ya ba da zaman lafiya.